Ruwan Ya Kawo Maka Ina?

Ba zan ɓata muku lokaci da yadda na bar Kaduna ba. Labarin kowa ne: masaƙar Kakuri ta rufe, mutum ya yi acaɓa, ya yi gadi, ya yi zaman kashe wando a Makera, ran nan sunansa ya fito a cacar bizar Amurka, 'yan coci su yi masa addu'a, ya hau jirgi. Abin da ya kamata ku riƙe shi ne alkawarin da na yi da bakina, ba wanda ya sa ni. Na ce wa mahaifiyata zan sama mata ɗakin da ruwa ba ya shiga.

Gidanmu yana Kamazou, can ƙasa wajen rafi. Baba ya sayi filin da rani, lokacin da rafin bai fi yaro ya tsallake ba, ya dawo yana murnar ya yi araha. Damina ta zo ta faɗa masa gaskiyar kuɗin. Tun ina ƙarami na san ɗaga katifa a kan tebur, na san ɗora buhun masara a kan benci, na san warin laka a cikin kofin shayi. Mama kuma tana da wata al'ada da ke ƙona mini rai. Duk shekarar da ruwa ya shiga, da ya janye, kafin a kwashe lakar ma, sai ta ɗauki ƙusa ta ja layi a bangon falo daidai inda ya tsaya. Da layukan take lissafin zamanta. Wannan na shekarar da aka haifi ƙanwata Rifkatu ne, wancan na shekarar da Baba ya rasu. Na sha cewa zan shafe su da fenti saboda kunyar baƙi, ta ce in na taɓa bangon nan ni da ita ne.

"Dogara, wanda bai san inda ruwa ya tsaya bara ba, ina zai san inda zai ɗora hatsinsa bana?"

Zangona na farko wani gari ne can arewacin ƙasar, inda sanyi ke shiga har cikin haƙori. Na sami aiki a gidan tsofaffi. Ni da ko ruwan wanka ban taɓa kai wa uwata banɗaki ba, sai ga ni ina wanke iyayen wasu, ina yanke musu farce, ina ba su abinci a baki. Akwai wata tsohuwa da hankalinta ya gushe, kullum da sunan ɗanta take kirana, ni kuma ina amsawa, don ɗan nata bai taɓa leƙowa ba duk zamana a wurin. In na fito aiki na gaida mutum a tashar bas, sai ya dube ni kamar zan roƙe shi. Na yi kewar gida har abin ya zama mini ciwo. Ba wani babban abu nake kewa ba, gwaten acca da yakuwa ne, da hayaniyar masu keke a kasuwar Sabo, da a ce mini "sannu da aiki" ko da ba a nufin komai. Wata 'yar Somaliya da muke aiki tare ta ga hannuna ya tsattsage, washegari ta kawo mini safar hannu da babbar rigar mijinta, ta ajiye ta wuce ba ta jira godiya ba. Har yau rigar tana wurina.

A garin nan na yi shekaru har na zama ɗan ƙasa, don sai da haka ake iya neman wa uwa takardun zama. Amma na san gwiwoyin Mama ba za su ɗauki wannan sanyi ba. Sai na tattara na gangara kudu, jihar Tekzas, inda aka ce mini rana tana dukan mutum kamar ta Kaduna a watan Maris. Ba su yi ƙarya ba.

A can, a wata ƙaramar cocin 'yan Najeriya, na haɗu da Yaya Markus. Ana fitowa daga sujada na ji wani a bayana ya ce, "Kai, wannan tafiyar ta 'yan Kakuri ce." Na juya, hawaye ya kusa zubo mini. Shekara da shekaru ban ji Hausa daga bakin mutum a tsaye a gabana ba. Ya ce shi ɗan Trikania ne, ya san wurin zamanmu na Makera, ya san mai shayin bakin masaƙa. Dillalin gidaje ne, yana kuma ɗan taɓa wasu harkokin takardu. Matarsa ta yi mini tuwon masara da miyar karkashi, na ci har na ji kunya. Daga ranar duk abin da zan yi sai na tambaye shi, ina cewa a raina da ɗan gari akan ci gari.

Shi ya nuna mini gidan. Ƙarami ne, a wata unguwa mai itatuwa, ƙasar wurin a shimfiɗe kamar tabarma. Ban tambayi makaranta ba, ban tambayi kasuwa ba. Tambayata ɗaya ce.

"Yaya, ruwa fa?"

Ya yi dariya ya buɗe kwamfutarsa. Ya ce a ƙasar nan ba a tsayawa tambayar tsofaffin unguwa, hukuma ta zana taswirar ko'ina. Inda aka shafa shuɗi, nan ambaliya ke kaiwa. Inda aka bari fari, lafiya lau. Ya sa yatsa a kan layinmu, fari tas, shuɗin yana can gefe wajen wata babbar kwata. Kuma in faɗi gaskiya, a wannan bai cuce ni ba, haka taswirar take a lokacin. Banki ya biya kuɗin gidan, ni kuma in riƙa biyan banki wata-wata.

Ɗakin da ke kallon gabas na ware wa Mama. Na yi masa fenti da hannuna, na sa gado mai taushi, na kafa ƙarfen dafawa a banɗaki irin wanda na gani a gidan tsofaffi. Na kira Rifkatu ta wayar hoto na ce ta miƙa wa Mama. Na zaga da ita ko'ina, tana ta "Ubangiji ya yi albarka". Sai ta ce in fita waje in nuna mata titi. Ta daɗe tana kallo.

"Ina tudun yake?"

"Mama, nan ba a duba tudu. Takarda ce ke nuna inda ruwa ke bi, kuma ta ce ba ya zuwa nan."

"To," in ji ta, "Allah ya sa ruwan garin ya yi makaranta."

Muka yi dariya har Rifkatu tana tari.

Ina tsakiyar haɗa takardun Mama sai ga saƙo daga banki. Wai an sabunta taswira. Garin ya faɗaɗa, filayen da ke shanye ruwa an malale su da siminti, ruwan sama kuma ya ƙara ƙarfi, don haka aka sake awo. Layinmu ya koma shuɗi. Dokarsu kuwa ita ce, duk gidan da ke cikin shuɗi kuma banki bai gama karɓar kuɗinsa ba, dole mai shi ya yi inshorar ambaliya. Na ce ai ina da inshorar gida. Suka ce waccan ta gobara ce da iska, ba ruwanta da ruwan da ya taso daga ƙasa. In kuma ban yi da kaina ba, su za su yi mini mai tsada su ɗora a kan biyan wata.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Gidan bai motsa ba, kwatar ba ta motsa ba, layi ne kawai ya taso daga inda yake ya zo ya same ni. Na ɗauki hutu na tafi ofishin ƙaramar hukuma da shirin faɗa. Wata yarinya mai fara'a ta zaunar da ni ta ce unguwarmu ta shiga yankin da suke kira na ambaliyar shekara ɗari. Nan take na ji sanyi a raina. Na ce to ai shi ke nan, ni da Mama ba wanda zai kai shekara ɗari nan gaba. Ta girgiza kai. Ta ce ba haka ake nufi ba, kowace shekara tana iya zama ita ce, tana ma iya zuwa bana ta dawo baɗi. Na ce to wa zan gani? Ta ce kamar yaya? Na ce ogan da ya ja layin. Ta ce ba wani oga, sai dai in ɗauko mai awo ya auna tsayin gidana, in ya fi yadda suke zato a fitar da ni. Na ɗauko shi. Ya auna, ya ce in yi haƙuri.

Unguwa ta rikice. Masu son sayarwa suka kafa alluna, masu saye suka ɗauke ƙafa, don ba mai son gidan da zai zo masa da ƙarin nauyi. Maƙwabciyata Madam Loreta, wata dattijuwa baƙar fata da ta yi ritaya daga aikin gidan waya, ta gama biyan gidanta tuntuni, don haka ba mai tilasta mata. Duk da haka ta je ta yi inshorar. Ta ce mini ita a bakin kogi aka haife ta, ba ta gardama da ruwa.

Ni da na tambayo farashin, sai na ga daidai yake da abin da nake warewa don jirgin Mama da asibitinta in ta zo. Ko inshora ko Mama, aljihuna ba zai ɗauki biyun a shekara ɗaya ba. Na je wa Yaya Markus da maganar, kaina ya yi zafi. Ya saurare ni yana murmushi.

"Haba Dogara, kamar ba ɗan Kaduna ba? Mene ne inshora? Lokacin da kake acaɓa, ba ka da ita?"

"Ina da ita mana."

"Ta taɓa biyan ka ko sisi?"

"Wa ma ya taɓa tambaya? Ta nuna wa 'yan sanda ce a hanyar Kachia."

"To ka gani. Nan ma bankin nan ɗan sanda ne, takarda yake so ya gani ya ɗaga maka hannu. Abeg kada ka kashe kanka. Akwai wani kamfani da nake harka da su, zan yi maka ita a kwata ɗin kuɗin. Ka kawo Mama ta huta, tsohuwar nan ta sha wahala."

Maganar ta zauna mini daram, domin haka na san inshora tun tasowata. A wurinmu takarda ce da ake saya a gindin bishiya kusa da ofishin lasin, a ninke ta a sa a leda saboda ranar tsayarwa. Ban taɓa ganin wanda ya yi hatsari ya je ya karɓo wani abu ba, ban ma taɓa jin wanda ya yi tunanin zuwa ba. Takardar Markus ta zo da tambari da sa hannu, na aika wa banki, banki ya yi shiru. Madam Loreta ta tambaye ni sunan kamfanin ta kan shinge, na faɗa mata. Ta ɓata fuska ta ce ba ta taɓa jin sa ba, in buga lambar da ke jiki in tabbatar. Na ji haushi a raina, na ce wato don ɗan ƙasarmu ne ya yi shi ya sa. Ban buga ba.

Ruwan ya zo ana saura kaɗan a kira Mama ganawa a ofishin jakadanci. Kwana da kwanaki sama ba ta ɗauke ba. Da safe na ga kwatar titi tana amai maimakon ta sha, kafin azahar ruwa ya taɓa matakalar ƙofa. Abin mamaki, jikina bai manta ba. Na kashe wutar gidan, na ɗora katifar Mama a kan tebur, na ɗora akwatuna a kan kujeru, kamar ina Kamazou ina ɗan shekara goma. Sai dai wannan ruwan ba irin namu ba ne da ke tsayawa a gwiwa ya yi gaisuwa ya koma. Ya hau teburin, ya ɗaga katifar, na tsaya a falo ina kallonta tana juyi a ƙofar ɗakin da ba a taɓa kwana a cikinsa ba. Wasu samari suka zo da kwalekwalen kamun kifi suna kiran mutane. Na ce musu akwai tsohuwa a gidan kusa. Ni na goyo Madam Loreta zuwa cikin jirgin, tana riƙe da jakar magungunanta a ka, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ina tafe ina tunanin wadda ya kamata a ce tana bayana.

Aka kai mu zauren wata makaranta. Da yamma Rifkatu ta kira, sun gani a talabijin. Na ce kada ta faɗa wa Mama, ta ce ai Mama ce ta sa ta kira. Na yi zaton kuka zan ji, ko kuma ta tuna mini maganar makarantar ruwa. Ba ta yi ko ɗaya ba.

"Ka kashe wuta kafin ka fita?"

"Na kashe, Mama."

"Ka ci abinci?"

"An ba mu."

"Kana tsaye a tsakiyar falo, ruwan ya kawo maka ina?"

"Ƙirji, Mama."

Sai ta ce, "To. An gode Ubangiji da ya bar maka kai a waje. Kada ka taɓa bango sai ya bushe."

Da ruwa ya janye, maƙwabta suka fara kiran kamfanoninsu, ma'aikata na zuwa suna ɗaukar hoto. Ni ma na ciro tawa takardar daga leda na buga lambar. Ba ta shiga. Na nemi kamfanin, aka ce babu mai wannan suna. Wayar Yaya Markus a kashe, gidansa a kulle. Ranar Lahadi a coci na tarar ba ni kaɗai ba ne, muna da yawa, kowa ya sunkuyar da kai kamar an yi mana rasuwa. Fasto ya ce mu yafe. Na ce a raina sai dai a ba ni lokaci, don mutumin nan bai cuce ni da Turanci ba, da Hausar unguwarmu ya cuce ni, kuma da sunan uwata.

Banki bai san wannan ba, shi biyansa yake jira ko gida na tsaye ko yana ruɓewa. Taimakon gwamnati ya zo, bai kai ya cire ruɓaɓɓen katako ba ma. Na yi ta fama, aiki biyu, har na gaji na sakar musu gidan. Madam Loreta, wadda tata inshorar ta gyara mata gida tsaf, ta kira ni ta ba ni ɗakin bayanta. Ko sau ɗaya ba ta ce "ai na faɗa maka" ba. Takardun Mama kuwa suna bukatar a nuna inda za ta zauna da ƙarfin mai riƙe ta, ni kuma ba ni da ko ɗaya. Aka ɗage. Na ce mata baɗi.

"Kada ka damu, Dogara. Ni na saba da nawa ruwan, mun san juna."

Baɗin ba ta zo mana ba. Tari ya kama ta bayan wata damina, ya ƙi sakinta. Rifkatu ta kira ni ina wurin aiki, ina tsakiyar sa wa wani tsoho safa. Na ƙarasa sa masa ɗayar ƙafar, sannan na fita.

Zangon ƙarshe shi ne gida. Muka kai ta ƙauye muka binne ta kusa da Baba, 'yan zumuntar mata suka yi mata waƙa da kayansu iri ɗaya. Idona ya bushe ƙam, har wata gwaggona tana cewa Amurka ta taurara mini zuciya. Bayan kwana biyu muka dawo Kamazou don kwashe kaya. Tun daga nesa na hango jan fenti a katangarmu da ta maƙwabta. Rifkatu ta ce nan ma gwamnati ta yi sabon awo, an ce duk layinmu yana kan hanyar ruwa, za a rushe. Nan ba mai maganar inshora, an dai ce kowa ya nemi inda zai nufa. Na yi dariyar da ba ta da daɗi. Na tsallake teku ina gudun layi ɗaya, ashe biyu ne ke jirana.

Falon yana nan yadda na bar shi, sai dai ya ƙanƙance a idona. Layukan Mama suna nan, an sami ƙari a shekarun da ba na nan, duk suna tsakanin idon sawu da cinya. Sai na ga wani guda can sama shi kaɗai, zanensa ya fi sauran zurfi.

"Rifkatu, yaushe ruwa ya kai nan ba ku faɗa mini ba? Ai da ya cinye gidan."

"Ba namu ba ne, Yaya. Naka ne."

Na dube ta.

"Ranar da kuka yi waya, tana ajiyewa ta ce in miƙo mata ƙusa. Na ce Mama, ruwan Amurka kuma a bangonmu? Ta ce ruwan da ya shiga wa ɗanta ai gidanta ya shiga."

Na matsa na tsaya jikin bangon. Layin ya zauna mini daidai a ƙirji, inda ruwan ya tsaya, ko yatsa ɗaya bai kauce ba. Na ce ta yaya ta san tsayin, ni da na yi shekaru ba ta gan ni a tsaye ba?

"Goshinta ta jingina da bangon ta ja a kansa. Ta ce ranar da za ka tafi, da ka rungume ta a tasha, nan goshinta ya tsaya."

Na daɗe ina kallon zanen. A ɗakin da na yi mata fenti, na kafa mata ƙarfen dafawa, ruwan da ya bar mini kai a waje ita da ya rufe mata ido. Ta san haka tun ranar, da ƙusa a hannunta, kuma ba ta taɓa faɗa mini ba. Kullum sai dai ta tambaye ni ko na ci abinci.

Na sunkuya na ɗora goshina inda ta ɗora nata, kukan da ya ƙi zuwa a bakin kabari ya zo gaba ɗaya. Rifkatu ta bar ni na yi mai isata. Can na ji ta buɗe taga, iska mai sanyi ta shigo, hadari ya haɗu ta gabas.

"Yaya," ta ce a hankali, "zo ka kama mini katifar Mama mu ɗora a tebur."